Kujerar da Tayyiba Ta Mayar

Tun da nake ban taɓa ganin an tafi godiya an dawo kowa bakinsa a ɗinke ba, sai ranar da muka raka jikata Tayyiba gidan Alhaji Barau. Amma bari in ɗauko maganar daga tushe, don wanda bai san mafarinta ba cewa zai yi yarinyar nan iskoki ne suka taɓa ta.

Tayyiba 'yar 'yata ce. Mahaifinta ya rasu tana ƙarama, uwarta ta sake aure a Gagarawa, ita kuwa ta taso a nan Gumel a hannun kawunta, ɗana na fari. Ba na kama sunansa. Kawu nake ce masa yadda yaran gida ke faɗa, har 'yan unguwa ma suka ɗauka. Dillalin shanu ne a karar Maigatari, kuma duk wanda ya san kara ya san shi. Makiyayi zai kawo bijiminsa daga can tsallaken iyaka, ya miƙa masa igiya, ya koma inuwa ya kwanta, ba ya ko tambayar yadda ake ciki. Kawu ne zai yi ciniki, shi zai sa hannu cikin na mai saye ya ce an sallama, kuma daga nan magana ta mutu. Ba a taɓa jin ya sallama ya dawo ya ce a fasa ba. Da wannan yake taƙama, ya fi masa gidan da ya gina da babur ɗin da yake hawa.

Shi ya tsaya wa karatun Tayyiba tun daga firamare har makarantar koyon aikin lafiya. Ranar da ta gama aka yi 'yar walima a tsakar gida, ta sa farin kayan asibiti don a ɗauke ta hoto. Yarinya ce mai baki tun tana ƙarama, ni ta gado. Ta tsaya gaban kowa ta ce ita kam ba za ta tsufa tana miƙa wa wani auduga ba, kafin a farga za ta riƙe asibiti sukutum, a ce ina shugaba a nuna ta. Muka yi ta dariya. Na ce to Likita, in an samu asibitin a ajiye mini gado kusa da fanka. Kawu kaɗai bai yi dariya ba, kai ya gyaɗa. Ashe ajiye maganar ya yi.

Allah ya taimake ta aka ɗauke ta aiki a wani asibiti a Maigatari, ɓangaren ɗakin haihuwa, ƙarƙashin wata Sista Juwairiyya da ta daɗe tana karɓar haihuwa. Kullum da sassafe Tayyiba za ta bi motar Maigatari, ta dawo wajen la'asar ƙafafu a kumbure. A farkon zuwanta kullum da ƙorafi take dawowa: Sista ta sa ta wanke kaya, Sista ta sa ta sake auna jinin da ta riga ta auna, Sista ta yi mata faɗa gaban marasa lafiya. Sannu a hankali sai ƙorafin ya ragu, surutun ma ya ragu. Ni na ɗauka gajiya ce.

Ba ta cika shekara a wurin ba, wata Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, Kawu ya dawo da wuri. Tun daga zaure muke jin muryarsa yana kiran matarsa Yelwa. Ya shigo ko hular kansa bai gyara ba, ya tsaya tsakiyar gida ya ce a yi wa Allah godiya, Tayyiba ta zama incaji.

Na ce incaji ta ina kuma? Ya zauna bakin turmi ya ba mu labari. Alhaji Barau, wanda yake da bakin magana a harkar ɗaukar ma'aikata a yankinmu, mutumin Kawu ne, shi yake sayo masa bijiman kiwo. Ran nan ya shigo kara, Kawu ya sama masa wani sa da ya yi masa daɗi a rai. Suna tsaye suna hira sai Alhaji ya ce an gama wani ƙaramin asibiti a wani ƙauye can bayan Sule Tankarkar, an yi fenti, an kai gadaje, saura wanda zai riƙe shi. Kawu ya ce ai ga shi a gidana. Alhaji ya ce ta yi karatun? Kawu ya ce ta yi har da hoto. Nan take, a gefen san nan, suka sa hannu cikin hannu.

Yelwa ta rangaɗa guɗa. Kafin ka ce kwabo gida ya cika da matan maƙwabta, wannan ta ce dama ita ta ga alama tun yarinyar na goye, waccan ta ce a tuna da ɗanta a ba shi gadi. Ni kaina har rawa na taka, ba zan ɓoye ba. Ana cikin haka Tayyiba ta yi sallama da jakarta a kafaɗa, aka yi caa a kanta, Incaji sannu da zuwa, Incaji a zauna. Ta dubi wannan ta dubi waccan. Da Yelwa ta fayyace mata, sai na ga fuskarta ta yi fari fat kamar an watsa mata toka. Ta shige ɗakina. Mata suka ce kunya ce, yarinya mai tarbiyya.

Washegari da hantsi ba ta da aiki. Ina zaune a inuwar darbejiya ina tsince riɗi ta zo ta zauna kusa da ni, ta sa hannu a faifan kamar za ta taya ni, amma ba abin da take tsincewa. Na tsokane ta, na ce manya ba sa taɓa faifai, kar hannun Incaji ya yi kaushi.

Ta ce, "Goggo," don haka take kira na, "ba zan iya ba."

Na ce me ne ne ba za ki iya ba, riɗin?

Sai ta ba ni labarin da ba ta taɓa ba kowa ba a gidan. Ta ce kwanakin baya an kawo wata mata daga wani ƙauye na tsallake, a kan amalanke, ta haihu a gida jini ya ɓalle mata. Mijin yana ta ihu a ƙofa a kira lokotoro, a kira lokotoro, wato likita a maganarsu ta can. Sista ta fita sallar azahar, Tayyiba ce kaɗai a ɗakin. Ta ce duk abin da aka koya mata a makaranta yana nan a kanta, tana iya karanto shi kamar Fatiha, amma hannunta ya ƙi. Ta nemi jijiya ta sa ruwa ta rasa, ta soka ta sake sokawa, matar tana ƙara yin sanyi a hannunta, zanen gado ya jiƙe har yana ɗiga ƙasa. Sai ga Sista ta shigo da carbi a hannu. Ko tsawa ba ta yi ba. Ta ture ta gefe, ta danna cikin matar da hannu ɗaya, tana ba da umarni da baki, a miƙo wannan, a ɗaga wancan, a kira mota. Matar ta rayu. Tayyiba ta ce ita kuwa bayan gida ta shiga ta yi ta amai.

Ta ce a ƙauyen da za a kai ta babu wata Sista da za ta dawo daga masallaci. Ita ce babba, ita ce ƙarama, kuma hanyar wurin yashi ce, in damina ta sauka mota ba ta shiga. Duk macen da aka kawo, ita za a kalla.

Na saki faifan a cinyata. Wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba. Ni a ganina wanda ya sa farin kaya ya gama sanin komai. Na ce to ina maganar da kika yi ranar walima? Ta ce lokacin ba ta taɓa ganin yadda jini ke fita daga jikin mutum ba. Yanzu burinta bai wuce ta zauna ƙarƙashin Sista har hannunta ya faɗa ba, ta karɓi haihuwa mai sauƙi da mai gardama a gaban wadda za ta gyara mata, daga nan ta nemi makarantar ungozoma ta ƙaro karatu. In ta dawo aka ga ta isa, a ba ta ko asibitin ina ne. Ta ce shugabancin tana so har gobe, amma ba a wannan shekarar ba, ba kuma a baɗi ba.

Na ce ai sai ki gaya wa kawunki, tun ba a yi nisa ba.

Ta gaya masa. A gabana ta same shi bayan ya dawo daga Juma'a, ta durƙusa ta fara. Bai bari ta kai ƙarshe ba ya yi dariya, ya ce tsoro ne, kuma tsoro halak ne ga sabon shiga. Shi ma ranar da aka fara miƙa masa igiyar sa sai da ya ji tsoro. Ya ce aiki a bakin aiki ake koyonsa. Ta sake tarar sa da safe zai hau babur, ya ce zancen ya isa, ta je ta zaɓi atamfar da za ta sa ranar godiya. Ni ma na gwada. Amma kun san tsakanin uwa da ɗan fari, magana ba ta miƙewa. Na kewaya na ce yarinya dai kamar hankalinta bai kwanta ba. Ya ce mini, cikin ladabi, in yi mata addu'a kawai, shi ya riga ya ba da hannu, kuma garin nan kaf an ji. Mutane nawa ne suke kwana a ƙofar Alhaji suna neman rabin wannan ba su samu ba? Ban san inda zan kama ba.

Aka sa godiya ranar Lahadi. Ga wanda bai sani ba, a wurinmu in babban mutum ya yi wa ɗanka alheri, ba a waya ake gode masa ba. Ana tara dattawan gida, a ɗauki liman, a riƙi goro, a je har gida. Babba ne yake magana. Wanda aka yi wa alherin nasa durƙuso ne da kalma biyu, ya tashi. Kuma kyautar manya ba a mayar da ita, ko riga ce ta yi maka yawa sai dai ka naɗe hannu.

Yelwa ta kwana biyu tana tuyar dubulan da alkaki. Kawu ya sayo ƙwaryar goro da turare, ya sa aka kawo man shanu daga ruga. Aka kira adaidaita biyu. Maza a ta gaba, Kawu da liman da wasu abokan dillancinsa, mu mata a ta baya, ni da Yelwa da Tayyiba a tsakiya. Kafin mu hau ya leƙo ya ce mata in an ce ta matso, ta ce ta gode, Allah ya ƙara girma, shi ke nan, sauran nasa ne. Ta ce to. A hanya na kama hannunta na ji shi sanyi ƙalau. Yelwa kuwa sai lissafa mata take irin labulen da ya kamata a sa a ofis.

Falon Alhaji Barau a cike muka same shi. Wasu a kujeru, wasu a kan kafet, kowa da buƙatarsa. Da aka ce masu godiya ne sai aka buɗa mana, mu mata muka zauna daga gefen ƙofa. Aka shigo da kaya aka jere. Liman ya yi addu'a mai tsawo, aka shafa. Kawu ya gyara babbar rigarsa ya fara. Ban taɓa sanin ɗan nan ya iya magana haka ba. Ya faro daga rasuwar uban yarinya, ya bi ta kan karatunta, ya ce yau Allah ya sa Alhaji ya share wa marainiya hawaye, ya ɗaga gidansu a idon duniya. Alhaji yana ta murmushi yana cewa ba komai, yi wa kai ne. Daga nan Kawu ya waiwayo ya yafito ta.

Tayyiba ta ja gwiwa ta matsa tsakiyar falo, kanta a ƙasa. Ta ce ta gode, Allah ya ƙara girma, Allah ya jiƙan mahaifa. Aka ce amin. Yelwa har ta fara gyara mayafi za mu tashi. Yarinya ba ta tashi ba.

"Ranka ya daɗe, ina da roƙo."

Alhaji ya ce ta faɗa, yana dariya, ya ce 'ya'yan yanzu ba a raba su da ƙari.

"A taimaka a bar ni inda nake. Ban iya ba tukuna."

Ban san yadda zan kwatanta shirun da ya biyo baya ba. Wani mutum da ke kurɓar shayi ya tsaya da kofi a bakinsa. Liman ya sunkuyar da kai yana kallon carbinsa kamar yau ya fara ganinsa. Yelwa ta miƙa hannu ta baya ta mintsini ƙafar yarinyar, ko motsi ba ta yi ba. Na san abin da ke ranta, amma ko a mafarki ban zaci za ta faɗe shi a nan ba, a gaban maza, a kan kafet ɗin mutumin, ga goronmu a jere.

Alhaji ya ɗauka bai ji daidai ba. Ya tambaya ko nisan wurin ne, ko rashin wuta. Ya ce in don wannan ne a bari ta fara, daga baya a san yadda za a yi a matso da ita. Ta ce ba nisa ba ne.

"In aka kawo mace jini na zuba, ni kaɗai, ba ni da tabbacin za ta fita da rai a hannuna. Ina so in ƙara koyo wajen wadda ta fi ni, in koma makaranta. In na isa, ni da kaina zan zo in roƙa."

Nan ta dasa aya. Alhaji ya daɗe yana kallonta. Murmushin ya tafi. Sannan ya juya wajen Kawu, kuma sunan da zan rubuta daga bakinsa ya fito, ba daga nawa ba.

"Malam Ɗalha, ashe ba ka ji ta bakin mai kaya ba ka sallama mini?"

Wani daga bayan falo ya yi 'yar dariya ya maƙe. Wani ya taya shi. Kawu ya buɗe baki, ya rufe. Mutumin da yanzun nan ya cika falo da magana, ya rasa ko kalma ɗaya. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi, na ga hannunsa yana lalubar bakin rigarsa. Tun yana yaro ban ƙara ganinsa haka ba.

Abin da ya ƙarasa kashe mini jiki shi ne abin da Alhaji ya yi bayan nan. Bai yi faɗa ba. Ya ce ba komai, ba a yi wa mutum alheri dole. Ya ɗauki wayarsa a nan gabanmu ya kira wani, suka gaisa, ya ce masa wurin nan da ya yi masa magana a kai ya samu, ya turo 'yarsa gobe. Ya ambaci sunan yarinyar. Na ga Tayyiba ta ɗago kai a firgice, bakinta ya motsa. Na ja jiki na danne mata ƙafa da hannuna, don abin da aka yi ya isa. Liman ya yi wata gajeriyar addu'a da ko amin ba a haɗa baki ba, muka fito.

A waje Kawu ya sa takalmansa, ya wuce adaidaita biyun nan kamar bai san su ba, ya miƙi titi a ƙasa cikin rana da babbar riga. Abokansa suka bi shi da kira, bai waiwayo ba. Muka hau tamu. Yelwa ta fara, ta ce wannan wace irin fitsara ce, wa ya taɓa ganin an kai goro an dawo da kunya, da wane ido za ta kalli matan unguwa da suka ci dubulan ɗinta. Sai da muka kusa gida Tayyiba ta jingo jikina ta ce a hankali, ta san yarinyar da Alhaji ya kira ubanta, a bayanta take a makaranta, ko aiki ba ta fara ba.

Ta ce, "Goggo, ita ma ba ta iya ba."

Na dafa kafaɗarta. Har yau maganar nan tana raina.

Sai bayan la'asar Kawu ya shigo gida, rigar nan duk ƙura. Ɗakina ya nufa, ya zauna bakin ƙofa, ya ce a kira ta. Ta zo ta durƙusa nesa da shi. Na zaci duka ne ko kora, har na shirya abin da zan faɗa. Sai ya yi magana ƙasa ƙasa, ba ya kallon kowa. Ya ce shekara da shekaru yana shiga kara, ba wanda ya taɓa cewa hannunsa ba hannu ba ne, sai yau, kuma a dalilin 'yar da ya goya. Ya ce da ta gaya masa ai da ya san yadda zai lallaɓa ya janye ba tare da an ji ba.

"Na gaya maka, Kawu."

Ya dube ni, na sunkuyar da kai, don gaskiya ce kuma a gabana aka yi. Ya daɗe yana murza hularsa a hannu. Tayyiba tana kuka ba sauti, ta ce ya yafe mata, ba ta yi don ta kunyata shi ba, ta rasa wata ƙofar ce. Ta ce in ta karɓa aka wayi gari wata ta mutu a hannunta, sunansa za a fara kira kafin nata.

Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya miƙe ya ce gida gidanta ne, tuwo tuwonta ne, ba wanda zai hana ta. Amma daga yau aikinta nata ne. Ba zai ƙara buɗe baki ya roƙa mata komai wajen kowa ba, ko makarantar da take faɗa, ko canjin wuri, ko shugabancin in lokacinsa ya zo. Tunda ta iya magana da kanta gaban manya, to ta ci gaba. Ya sa kai ya fita.

Alhamis ɗin da ta biyo baya bai je kasuwa ba, abin da ko zazzaɓi bai taɓa sa shi yi ba. Da ya koma, 'yan kara ba su raga masa ba. Da ya kama igiyar sa sai wani ya ɗaga murya ya ce Kawu, an dai tambayi mai kaya ko? Alhaji Barau kuma ya koma sayen bijimansa ta hannun wani. Uwar Tayyiba ta zo daga Gagarawa ta yi kwana biyu tana kuka tana ba wa yayanta haƙuri, ta koma. A unguwa kuwa an daɗe ana tauna maganar. Wasu suka ce asiri aka yi wa yarinya don kar ta ci gaba, har wata ta kawo mini rubutu a jarka in ba ta. Wasu suka ce girman kai ne. Mata biyu uku ne kawai, irin waɗanda suka taɓa ganin haihuwa ta zo da gardama, suka kama hannuna a gidan suna suka matse.

Ita kuwa Litinin da sassafe ta ɗauki jakarta ta bi motar Maigatari. Na tambaye ta abin da Sista ta ce da ta ji labari. Ta ce Sista dai ta miƙa mata safar hannu ta ce akwai mai naƙuda a gado na biyu. Har yanzu a nan take, ƙaramar ma'aikaciya, tana wanke kaya tana auna jini. Ta nemi makarantar ungozoma da kanta, bara ba ta samu ba, bana ta sake nema muna jira. Kullum da safe tana durƙusawa ta gaida kawunta, yana amsawa da lafiya ɗaya tak, idonsa a wani wuri. Haka muka yi azumi, haka muka ci salla.

Ran nan da yamma ta dawo tana ta haki tun daga zaure. Kawu yana tsugune bakin rariya yana alwalar magariba, ya ba mu baya. Ta zube kusa da ni, ta ɗaga murya fiye da yadda ake buƙata, ta ce yau ita ta karɓi haihuwa tun daga farko har ƙarshe, ɗan fari ne kuma, cibiya ta naɗe wuyan jaririn ta warware da hannunta. Ta ce Sista tana zaune a kujera bakin ƙofa ta harɗe hannu, ba ta tashi ba ko sau ɗaya. Na ce kai madalla, na fara yi mata kirari.

Kawu ya tsaya da buta a hannu. Bai juyo ba.

"Yelwa, tambaye ta, uwar ta tashi lafiya?"

Yelwa ta leƙo daga madafa za ta maimaita, Tayyiba ta riga ta.

"Lafiya lau, Kawu. Har ta sha kunu kafin in taho."

Ya gyaɗa kai, ya ƙarasa wanke ƙafarsa, ya ajiye butar ya tafi masallaci.